Kocin da ba ya iya cewa "a'a"

Ƙungiyar masu horar da shugabanni ta duniya, ICF, ta sabunta ƙa'idojin ɗa'arta a Afrilun 2025, amma tsohuwar aƙidar sana'ar tana nan daram: koci abokin tafiya ne kawai, nasa tambaya, zaɓi kuma na wanda ya biya. A ɗakunan horo har ana koya wa sabbin shiga su ajiye imaninsu a bakin ƙofa, wai ƙwarewa ke nan. Wannan gudun alhaki ne tsagwaronsa.

A dubi tsarin GROW da John Whitmore ya yaɗa a littafinsa na 1992, wanda kusan kowane koci ya haddace. Yana farawa da buri, ya bi ta halin da ake ciki da hanyoyin da ke akwai, ya ƙare da abin da za a aikata. Babu matakin da ya tilasta a tambaya ko burin kansa ya halatta. A bankin Wells Fargo na Amurka, burin shi ne a sayar wa kowane gida hajojin banki takwas. Ma'aikata suka yi ta buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba, aka ci bankin tarar dala miliyan 185 a 2016, aka sallami wajen mutum 5,300, galibi ƙananan ma'aikata. Kocin da ya zauna da manajan irin wannan wuri yana tambayarsa "me ke hana ka cimma burinka?" ya zama abokin ta'asa, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba.

Za a ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma koci ba limami ba ne. To, wa ya nemi wa'azi? Bill Campbell, wanda ya horar da manyan shugabannin kamfanoni irin su Steve Jobs da Eric Schmidt, ya shahara ne da faɗin gaskiya ƙiri-ƙiri, ba su kuma guje shi ba. Cusa wa mutum addininka daban, ce masa "wannan zalunci ne, ba da ni ba" daban. Shirun koci ma ai ba tsaka-tsaki ba ne. Jikan fatawar masanin tattalin arziki Milton Friedman ce ta 1970, cewa haƙƙin da ke wuyan kamfani shi ne ƙara riba, wadda makarantun kasuwanci suka shayar da ɗalibansu shekara da shekaru, yanzu kuma tsoffin ɗaliban ne ke sa hannu a takardar biyan kocin.