Hasashen Malami da Makomar Ɗalibi a Ingila

Duk lokacin da aka tayar da zancen jarrabawa a ɗakin malamai, ba a rasa mai cewa Turawa sun fi mu tsari. Ba mu musa ba. Sai dai akwai wani sashe na tsarin nasu da ya cancanci mu dube shi da idon basira, domin a wuyan malami aka rataya shi.

A Ingila yaro yakan zauna jarrabawar GCSE yana ɗan shekara 16. Mai niyyar shiga jami'a sai ya zaɓi darussa, galibi uku, ya shekara biyu a kansu, sannan ya rubuta A-level. Babu wata jarrabawar shiga jami'a guda ɗaya da kowa ke rubutawa kamar JAMB tamu. Hukumar UCAS ba ta jarraba kowa, takardun neman gurbi kawai take karɓa ta miƙa wa jami'o'i, kuma ɗalibi yana da damar neman kwas biyar.

Ga inda gizo ke saƙar: ana neman gurbi ne tun kafin a zauna jarrabawar. Mai son Oxford ko Cambridge ko karatun likita, tsakiyar Oktoba ne wa'adinsa, sauran kuwa Janairu. Jarrabawa sai Mayu da Yuni, sakamako sai Agusta. To da me jami'a za ta auna shi? Da sakamakonsa na GCSE, da bayanin da ya rubuta game da kansa, da kuma makin da malamansa suka yi hasashen zai samu. A kan haka take ba shi gurbi, bisa sharaɗin ya kawo maki kaza.

Wannan karramawa ce ga malami, kuma ta fito fili a 2020. Da annobar korona ta sa aka soke jarrabawa, hukumar Ofqual ta yi amfani da wani lissafin kwamfuta wanda ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin kwana huɗu gwamnati ta janye, aka koma ga maganar malamai. Mun ji daɗin labarin, ba ma ɓoyewa.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A wani bincike da Gill Wyness ta yi wa UCU, ƙungiyar malaman jami'o'i da kwalejoji, a 2016, kashi 16 cikin 100 kacal na ɗalibai ne sakamakonsu ya yi daidai da hasashen da aka yi musu. Mafi yawa ƙari aka yi musu, kuma wannan da sauƙi, tun da wanda ya gaza cika sharaɗi yana iya neman ragowar gurabe bayan sakamako ya fito. Abin takaicin shi ne haziƙin ɗan talaka, wanda binciken ya nuna an fi yi masa hasashen ƙasa da ƙoƙarinsa. Shi ba korarsa aka yi ba. Bai ma nemi babbar jami'ar ba, domin malaminsa ya riga ya yanka masa riga ƙarama. UCU ta nemi a riƙa neman gurbi bayan sakamako, gwamnati ta duba batun ta ajiye shi a 2022. A ganinmu ƙungiyar ce ke da gaskiya.

Mu a firamare ba ma hasashen A-level. Amma mu ne ke cika makin gwajin aji, mu ne ke rubuta sharhi a katin sakamako, kuma mu uba yake tambaya ko ya biya wa 'yarsa kuɗin jarrabawar shiga sakandare. Yarinyar da ke zuwa a makare don sai ta sayar da ƙosai da safe, sau nawa muka auna ta da makararta maimakon littafinta? Zangon karatu na uku ya kusa, iyayen 'yan aji shida za su fara sallama a ƙofar ofis.