Tikiti da Bauca: Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Aron kalmomi ba aibi ba ne ga harshe. Aibin shi ne a ari kalma a bar ma'anarta a baya. Wannan shi ya sa nake ganin ya wajaba malamin Hausa ya tsaya ya bambance wa ɗalibansa kalmomin "tikiti" da "bauca", waɗanda mutane da yawa kan ɗauka abu guda ne.

Dukkansu daga Ingilishi aka aro su, aka kuma yi musu kwaskwarima. An ƙara wasalin "i" a ƙarshen tikiti, saboda yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. A bauca kuwa, da yake Hausa ba ta da sautin /v/, sai /b/ ya maye gurbinsa.

Tikiti takarda ce da mutum kan yanka bayan ya biya kuɗi, domin ta ba shi izinin shiga wuri ko hawa abin hawa. Mutanen Gusau sun daɗe da saninsa, tun da aka kammala layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929. Har siyasa ta ari kalmar, ana cewa wane ya sami tikitin takara, wato izinin shiga fage.

Bauca kuwa tana tsayawa ne a madadin kuɗi ko kaya. A ofis, ita ce takardar da ake shiryawa kafin a fitar da kuɗi, wanda aka biya ya sa mata hannu. A harkar noma, shirin tallafin taki da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012 ya riƙa aika wa manoma bauca ta wayar salula, su kai wa dillali su karɓi taki a kan rangwame.

Wani zai ce ai duk takarda ce, mene ne na wahalar da yara? Amsar tana cikin aljihun talaka. Manomin Bungudu da ya ɗauki baucarsa tamkar tikitin mota, wanda ake yar wa da zarar an sauka, zai iya ba da ita ga wani a banza, alhali buhun taki ya bayar. Haka sabon malami a Tsafe, idan ya sa hannu a bauca kafin kuɗi su shigo hannunsa, ya shaida da kansa cewa an biya shi.

Saboda haka, ya kai ɗalibi mai shirin zama malami, kada ka tsaya ga rubuta ma'ana a allo. Kawo tikiti da bauca da rasidi cikin aji, yara su taɓa, su faɗi wanda ke ba da izini, da wanda ke madadin kuɗi, da wanda ke shaidar an biya. Yaron da ya gane wannan, shi zai karanta wa mahaifinsa takarda a gida.