A Ji Ta Bakinsa Kafin a Sallame Shi



Sharhinmu na yau da ku muke, masu ma'aikata a ƙarƙashinsu a garin Minna: manajojin gidajen mai na Tunga, masu makarantun kuɗi na Bosso da Chanchaga, masu manyan shaguna a Kasuwar Kure, har da daraktocin sakatariyar jiha.

Mu fara da abin da ya zama ruwan dare. An rufe famfo da dare, an ƙirga ciniki, kuɗi bai cika ba. Yaron da ke zuba mai yana tsaye yana rantsuwa, manaja kuwa ko kallonsa bai yi ba, ya buɗe littafi ya rubuta a cire daga albashinsa. Malamar firamare ta makara saboda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, ƙarshen wata ta ga an zaftare mata kuɗi da sunan tara. Da yawa cikin masu yin haka sun ɗauka haƙƙinsu ne. To, Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 5, ta hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Idan ma ya jawo asara da gangan ko da sakaci, ba a taɓa kuɗinsa sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma abin da za a cire kada ya wuce hankali. Dokar dai an yi ta ne domin leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, waɗanda su ne abin ya fi shafa.

Ba muna cewa a ƙyale mai laifi ba ne. Mai sata da mai fashin aiki da mai cin mutuncin abokan aiki sun cancanci hukunci, har da kora nan take idan laifin babba ne. Amma akwai hanya. A ba shi takardar tuhuma, a faɗi laifin ƙarara, da ranar da ya faru. A ba shi lokaci ya amsa a rubuce. Idan akwai shaidu, su faɗa a gabansa. Wanda ya kawo ƙara kada ya zama shi ne alƙali. A nan ne manajoji da yawa ke tuntuɓe, domin rai ya ɓaci, ana son a gama komai kafin azahar. Garaje kuwa ba ƙarfi ba ne.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kariya, tunda doka ce ta tsara aikinsa. A 1985 Kotun Ƙoli ta mayar da Farfesa Olaniyan da abokansa bakin aiki a Jami'ar Legas, saboda jami'ar ba ta bi matakan da dokarta ta shimfiɗa ba. Su ma masu zaman kansu lamarin ya canja musu. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa shari'un aiki a hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma a 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce sallamar mutum ba tare da dalili ba rashin adalci ne.

In kuma rabuwa kawai ake so ba don laifi ba, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya shekara 5 ko fiye a ba shi sanarwar wata guda a rubuce, wanda ya shekara 2 zuwa 5 kuma mako biyu.

Don Allah shugabanni, duk wanda ke da ma'aikacin da ya wuce wata uku ba takardar sharuɗɗan aiki, ya rubuta masa ita a makon nan, domin doka ta wajabta. Kafin kuma ku sa hannu a takardar kora, ku kira mutumin, ku ba shi kujera, ku ji ta bakinsa.