Alƙalin da ya ci ladan kuturu

Duk sanda kotu ta yanke hukuncin da bai yi mana daɗi ba, sai Facebook ya ɗau zafi. Ba ka rasa mai cewa, ai da talaka ne ke zaɓen alƙalai da ba a yi mana haka ba. To ɗan'uwa, kafin ka tura wa wani wannan magana, zo mu leƙa Amurka, inda jihohi da dama ke zaɓen alƙalansu da ƙuri'a.

A watan Afrilun 2025 an yi zaɓen kujera ɗaya tal a kotun ƙolin jihar Wisconsin, aka kashe sama da dala miliyan 100. Elon Musk da ƙungiyoyin da yake ɗaukar nauyi sun zuba fiye da dala miliyan 20 don Brad Schimel ya ci, amma Susan Crawford ta kayar da shi. Wasu suka yi ta murna wai kuɗi ya sha ƙasa. Anya kuwa? Ita ma fa akwai attajirai irin su George Soros a ɓangarenta. Kuɗi ne ya kara da kuɗi.

Ga inda matsalar take. A 2004, Don Blankenship, shugaban kamfanin kwal na Massey, ya kashe kusan dala miliyan 3 don Brent Benjamin ya zama alƙali a kotun ƙolin West Virginia. A lokacin, wata kotu ta riga ta ci kamfanin diyyar dala miliyan 50. Da shari'ar ta iso gabansu, Benjamin ya ƙi janye jiki, kuma da ƙuri'arsa aka soke diyyar. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta ce lallai ya kamata ya janye. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Akwai wani tsarin da Missouri ta fara a 1940: kwamiti ya tantance, gwamna ya naɗa, daga baya a tambayi jama'a, ya ci gaba ko ya sauka? Ba abokin takara, eh ko a'a kawai. Galibi alƙalai na tsallakewa, kamar guda uku na Pennsylvania a Nuwamban 2025. Amma a 1986 mutanen Kalifoniya sun sauke babbar alƙaliya Rose Bird da abokan aikinta biyu, musamman kan yadda suke soke hukuncin kisa. Duk alƙalin da ya ga haka, kana jin zai sake rubuta hukunci bai waiwayi akwatin zaɓe ba?

Ni a ganina wannan tsarin ya fi takara sauƙin illa, amma shi ma bai tsira ba. Wata rana kai ne za ka tsaya gaban kotu, gari duka na zaginka, gaskiya kuma tana hannunka. Ran nan alƙalin da ba ya tsoron ƙuri'a za ka so.

A Najeriya hukumar NJC ce ke ba da shawara, gwamna ya naɗa alƙalan manyan kotunan jiha. Nan ya kamata mu sa ido: su wa ake tantancewa, ɗan wane ne, me ya taɓa yi? Ƙasar da ake sayen ƙuri'a da taliya da atamfa, kar mu kai mata kujerar alƙali kasuwa.