Zaɓen Bindiga: Harbin Allo Daban, Farautar Barewa Daban

Jama'a, a wannan makon za mu leƙa ƙasashen Amurka da Ingila, inda maharba suka daɗe suna muhawara a kan wata tambaya: shin bindiga ɗaya tana isar mutum harbin allo daga nesa, ta kuma ishe shi farautar barewa?

Da farko dai aikin biyu ne. Mai harbin allo, kamar a filin Bisley na Ingila inda ake harbi daga yadi 1,000, kwance yake harbi, don haka yana son bindiga mai kaurin bututu, wadda nauyinta kan kai kilo 8 zuwa 10. Nauyin nan ne ke hana ta rawa, ya kuma rage dukan da take yi wa kafaɗa. Shi kuwa mafarauci yini yake yi yana hawa tudu da gangara, saboda haka kilo 4 ma ya ishe shi kaya. Wanda ya nemi haɗa su tilas ya tsaya tsaka-tsaki, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Sai batun harsashi. Akwai .30-06 na 1906, da .308 Winchester na 1952, da 6.5 Creedmoor wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007. Na ƙarshen nan ya karɓu ne don dukansa da sauƙi, iska kuma ba ta cika karkatar da shi ba. Sabon shiga kan ruɗu da manya irin .300 Winchester Magnum, a zatonsa ƙarfi shi ne gwaninta. Alhali kuwa bindigar da ke naushin mai ita tana koya masa runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan sai kuskure.

Dokar Ingila ta 1991 ta tsai da cewa ba a harbin manyan barewa da harsashin da faɗinsa bai kai inci .240 ba. Dalili shi ne kada a raunata dabba ta tsere ta mutu da azaba. To, nan ne zancen yake. Harsashin .308 yakan sauka ƙasa fiye da mita 8 kafin ya kai yadi 1,000, iska kuma tana ture shi. In aka kuskure allo, harsashi ɗaya aka yi asara. Amma zuciya da huhun barewa faɗinsu bai wuce faifai ba, ga shi tana iya ɗaga ƙafa harsashi yana hanya. Haka kuma harsashin gasa ba a ƙera shi don ya buɗe a cikin nama ba, na farauta ne aka yi domin haka.

Saboda haka shawararmu ita ce, mai zaɓe ya ɗauki matsakaiciyar bindiga mai madubin hange na kirki, ya ware harsashin gasa da na farauta. A filin allo ya yi nisa yadda ya so. A daji kuwa ya matso, ya tsaya iyakar inda ya tabbata harbi ɗaya zai gama.

A nan Nijeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga sai da lasisi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.