Jinjina ga Masu Banɗakin Tafi-da-Gidanka na Abuja, Amma da Sauran Rina a Kaba

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanintar tasa a wurin da mutane ke toshe hanci take. Akwai wasu bayin Allah a Abuja da sunansu ba ya fitowa a jawabin godiya. Ana gode wa babban baƙo, a gode wa masu girki da masu kafa rumfa da jami'an tsaro, amma ba a tunawa da mutanen da suka iso tun kafin kiran assalatu suka sauke 'yan ɗakunan roba a gefen fili, suka yini a bakinsu da tsintsiya da bokiti, bayan kowa ya watse kuma suka kwashe abin da aka bari. Su ne masu banɗakin tafi-da-gidanka da yaran aikinsu, kuma su suka cancanci a ɗaga wa hannu yau.

Duk wanda ya halarci babban taro a dandalin Eagle Square, ko walimar aure a wani lambu na Maitama ko Jabi, ko baje kolin kasuwa a hanyar filin jirgin sama, ya amfana da aikinsu ko bai lura ba. Waɗanda suka ga jiya sun san yadda taron jama'a yake a da. Namiji in ya matsu ya ɗauki buta ya nemi bayan katanga. Mata kuwa da yawansu tun safe suke ƙin cin abinci, su ƙi shan ruwa a tsakiyar zafin Maris, don kada kewayawa ta kama su a inda ba sutura. Dattijo mai ciwon sukari sai ya haƙura da taron gaba ɗaya. Wanda ya kawo ɗaki mai ƙofa da sakata ya ajiye a wannan fili ya rufa wa mutane asiri, kuma a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne a ce wani ya rufa maka asiri.

Sana'ar tana da uba a ƙasar nan, kuma ya kamata a ambace shi. Marigayi Isaac Durojaiye, wanda aka fi sani da Otunba Gaddafi, mai tsaron lafiyar Cif Abiola ne a Legas. Wajen shirya tsaron bikin auren ɗan Abiola ya lura cewa dubban baƙi ake jira alhali banɗaki biyu ne kacal a wurin. Daga nan ya kafa kamfanin DMT a 1992. Bai tsaya ga ba masu biki haya ba, ya kai ɗakunan tashoshin mota da kasuwanni, ya damƙa su a hannun marasa aikin yi, suna karɓar kuɗin shiga suna raba ribar da kamfani. An yi masa dariya, shi kuma bai taɓa jin kunyar faɗin sana'arsa a bainar jama'a ba har ya rasu a 2012. Duk mai banɗakin haya a Abuja yau, ya sani ko bai sani ba, hanyar da wannan mutum ya share yake bi.

Ga wanda bai taɓa leƙawa da idon basira ba, ɗakin ba shi da wani sirri. Roba ce mai kauri, a ƙarƙashin wurin zama akwai tanki mai cin lita ɗari biyu da wani abu, an zuba masa shuɗin sinadari mai danne wari, ga bututu ya miƙe ta rufi yana fitar da iska. Sirrin yana wajen mai kula da shi. A zafin ranar Abuja, ɗakin roba da aka bari awa uku ba a leƙa ba ya fi ƙarfin shiga. Yaron da ke bakin ƙofa shi ne zai goge daɓe bayan kowane 'yan mutane, ya cika jarkar ruwa, ya tsamo ledar ruwa da ƙyallen jarirai da aka jefa cikin tanki, don in ya bar su za su toshe tiyon motar zuƙa. Da dare motar ta zo, a zura tiyo, a zuƙe, a wanke, a loda. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma in ya koma unguwa sau da yawa ba ya faɗin aikin da yake yi. Mun gada daga iyaye wani kallo da ake yi wa masu yasar masai, kallon da ba su cancanta ba, alhali lafiyar gari a hannunsu take.

Hukuma ma tana da nata rabon yabo. A watan Nuwamba na 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwan sha da tsaftar muhalli. Shekara guda bayan haka, a Nuwamban 2019, aka ƙaddamar da gangamin Clean Nigeria a nan Abuja, aka kuma sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 009, wanda ya sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili. Injiniya Suleiman Adamu, ministan albarkatun ruwa na lokacin, ya yi abin da manyanmu ba su saba ba: ya riƙa tsayawa gaban 'yan jarida yana maganar kashi da masai ba tare da kwana-kwana ba. A Nuwamban 2022 Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya kan banɗaki. Wata guda kafin nan, Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar duka ƙananan hukumominta 27 sun rabu da bahaya a fili, abin da ya sa duk ɗan Arewa ya ɗaga kai. Jiha ce ta manoma wadda ba ta kama ƙafar Abuja a kuɗi ba, amma masu unguwanni da dagatai da ma'aikatan lafiya suka bi gida gida har aka kai gaci.

To, a nan ne maganar ta ɗan yi nauyi. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya. Da aka ga 2025 ba za ta yiwu ba, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sake ƙaddamar da gangamin a 2024, aka matsar da wa'adin zuwa 2030. Birnin da aka rubuta duk waɗannan takardu a cikinsa kuwa bai kai matsayin Jigawa ba. Ba sai an yi nisa ba: a bi ƙarƙashin gadoji, a leƙa magudanan ruwa na kusa da manyan tashoshin mota, hanci zai ba da labari kafin ido.

Banɗakin tafi-da-gidanka a Abuja har yanzu kayan ado ne na taron masu hali. Inda aka fi buƙatarsa ba ya zuwa. Leburorin da ke gina manyan gidajen Guzape da Katampe da Jahi a kangon da suke ginawa suke kwana, watanni, wani lokaci har shekara, kuma banɗakin gidan shi ne abu na ƙarshe da za a haɗa. Ina ake so su je? Ɗan kwangilar da ya iya sayen tirelar siminti ba zai kasa hayar ɗaki ɗaya ba, bai ga wanda ya tilasta masa ba ne kawai. Hukumar da ke ba da izinin gini tana iya sa wannan cikin sharuɗɗanta tun ranar da aka fara haƙa harsashi, jami'in da ke zuwa duba ƙarfen rodi ya duba wannan ma. Haka masu fasa dutse a Mpape, da 'yan gudun hijirar Borno da suka shekara goma a matsugunan Durumi da Kuchingoro da Wassa, da masu kasuwannin mako a Kwali da Abaji. Filin Idi ma yana cikin lissafi, don jama'a kan isa tun hantsi bai yi ba, da yara da tsofaffi.

Akwai kuma wani nau'in da bai shigo mana sosai ba, alhali ya fi kowanne sauƙi, wato ƙaramin banɗakin da mutum ɗaya ko iyali ke ɗauka zuwa daji. Kujera ce mai naɗewa da rami a tsakiya, ko bokitin lita ashirin mai marfi da ke kamawa gam. A shimfiɗa leda biyu a ciki, in an gama a barbaɗa toka ko garin katako, a ɗaure, a rufe. A kewaye da 'yar tanti ko zani a kan sanduna huɗu. Duk maƙerin Dei-Dei ko mai walda a Kugbo zai iya ƙera ƙafafun cikin yini guda, masu robobi na Kano su yi sauran. Mai gona a bayan Gwagwalada da ya ɗebo 'yan ƙwadago talatin lokacin girbi, da masu aikin hanya, da masu safiyo, da mai jinyar tsoho a doguwar tafiya, duk abin da suke nema ke nan.

Matasan da suka mai da hawan dutse al'adar safiyar Asabar su ma abin ya shafe su. Abin sha'awa ne ka ga ɗaruruwan samari da 'yan mata suna hawa duwatsun Ushafa da Dawaki da Katampe, wasu ƙungiyoyinsu har da buhun tsince shara suke tafiya, Allah ya saka musu. Amma ledar biskit ce ake tsincewa, ɗaya abin ana barin sa bayan dutse. Wasu daga cikin duwatsun nan suna kallon madatsar ruwa ta Usuma, inda mafi yawan ruwan famfon birni ke fitowa, ƙauyukan da ke gindinsu kuma daga rafi suke sha. Ruwan farko na damina ba ya barin komai a inda aka ajiye shi. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum dubu 111 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a ƙasar nan, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Abuja na cikin wuraren da annobar ta taɓa.

A wasu ƙasashe an daɗe da yanke hukunci a kan wannan. Masu bin kogin Colorado da kwalekwale ta cikin kwazazzabon Grand Canyon a Amurka dole su fito da bahayarsu a cikin akwati mai marfi. A 2024 hukumar yankin da dutsen Everest yake a Nepal ta wajabta wa masu hawa su sauko da tasu a jaka ta musamman. Inda ba a kai ga haka ba, ƙa'idar da masu yawon daji suka sani ita ce a haƙa rami mai zurfin taƙi guda, a nisanci ruwa da hanya da taku saba'in, a binne. Mu kuwa ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Hadisi ya yi kashedi mai tsanani a kan biyan buƙata a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, kuma duk ɗan makarantar allo da ya kai babin tsarki ya ji wannan. Limaman Juma'a na Abuja za su iya ba shi huɗuba guda a farkon kowace damina.

Su ma masu sana'ar akwai gyara a wajensu, kuma don ana ƙaunarsu ake faɗa. Yawancin ɗakunan da ake shigo da su an ƙera su ne don mutanen da ke zama su goge da takarda. Jama'armu tsugunawa suke yi, da ruwa suke tsarki. Shi ya sa za ka tarar an taka wurin zaman da takalmi, ruwan buta ya malale daɓe, tanki ya cika kafin azahar, sai a ce mutanenmu ba su waye ba. Kayan ne ba a yi su don su ba. Ɗaki mai wurin tsuguno, da maratayin buta, da daɓen da ke tsiyayar da ruwa, da tanki mai ɗan girma, da famfon wanke hannu da sabulu a waje, zai fi karɓuwa nesa ba kusa ba. A ware na mata a ɗan nesa da na maza, ƙofarsa kada ta kalli taro, a sa fitila in dare zai yi. A samu ko ɗaya mai faɗi wanda keken guragu zai shiga. Masu gidajen wanka na Kano da Zariya sun san duk wannan tun tuni, ba laifi a je a tambaye su.

Sai babbar tambaya, wadda mai biki ba ya yi: in motar zuƙa ta bar fili, ina ta nufa? Abuja tana da matatar Wupa a wajen Idu, wadda aka gina don tace ƙazantar birni. Amma daga Kuje ko Bwari ko Abaji tafiya ce mai cin man dizal, kuma direban da ba a bin sawunsa yana iya ganin rafi a hanya cikin dare. In haka ta faru, an tara ƙazantar mutum dubu ne an juye wa ƙauye ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, ita ke da alhakin wannan: kowace mota ta yi rajista, kowace juyewa a ba da rasit, mai hayar ɗaki kuma ya nemi ganin rasit ɗin kafin ya biya cikon kuɗi. Ƙananan hukumomi shida na birnin kowace tana buƙatar wurin juyewa kusa da ita. A Kumasi ta Gana akwai tsarin da ake ajiye wa gida banɗaki mai tankin cirewa, ma'aikata su zo su musanya shi da wankakke a kan kuɗin wata, kuma unguwanni irin su Mpape da Gwagwa da Karmo, inda gidajen haya suka cushe ba wurin haƙa masai, sun dace da irinsa.

Yaran da ke wannan aiki kuma a ba su safar hannu mai kauri, da takalmin roba, da abin rufe hanci, da allurar rigakafi, a biya su a kan lokaci. Mai kamfanin da ya karɓi kuɗin hayar ɗaki ashirin a bikin ɗan gwamna ba shi da hujjar tura yaro ya tsamo leda daga tanki da hannu tsirara.