Zaɓen Babbar Manhajar Rumbun Bayanai: A Dubi Wa'adi Kafin a Dubi Suna

Ran 30 ga watan Yuni, 2024, wa'adin babbar manhajar nan da ake kira CentOS Linux 7 ya cika. Tun daga wannan rana masu ita suka daina fitar da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da ɓarayin bayanai ke bi. Ba a ji wata hayaniya a kan al'amarin ba, domin kuwa na'urorin da ke ɗauke da ita sun ci gaba da aiki kamar yadda suka saba. To amma ga kamfanoni da ma'aikatun da suka ɗora lissafin albashi da na haja da sunayen abokan cinikinsu a kanta, abin ya zama tamkar gidan da maigadi ya ajiye aiki alhali masu gida suna barci.

Rumbun bayanai shi ne tsarin da ke riƙe da dukkan lissafin kamfani a cikin kwamfuta. Yana zaune ne a kan wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, wadda sauran kwamfutocin ofis ke neman bayani daga gare ta. A tsakanin wannan na'ura da rumbun akwai babbar manhaja, wadda ke kula da ma'ajiya da ƙwaƙwalwar na'urar da kuma izinin shiga. A yau zaɓin yawancin kamfanoni bai wuce gidaje biyu ba, watau Windows Server ta kamfanin Microsoft, da kuma dangin Linux, irin su Red Hat da SUSE da Ubuntu da Debian.

Labarin CentOS ya isa abin nazari. Tun a 2004 wasu masu aikin sa kai suka riƙa ɗaukar asalin rubutun manhajar Red Hat, wadda ake biyan kuɗi kafin a sami tallafinta, suna sake gina ta suna rabawa kyauta. Wannan ya sa dubban kamfanoni da jami'o'i suka rungume ta. A 2014 Red Hat ya jawo aikin ƙarƙashin kulawarsa, a 2019 kuma kamfanin IBM ya sayi Red Hat a kan dala miliyan dubu 34. Ran 8 ga watan Disamba, 2020, aka ba da sanarwar cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Ke nan an zaftare kusan shekara takwas daga wa'adinta da sanarwa guda. Waɗanda suka riga suka ƙaura zuwa gare ta ba su da kotun da za su kai ƙara, domin babu wata yarjejeniya da suka sa wa hannu, babu kuma kuɗin da suka biya. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gaskiya ne an sami mafita. A 2021 aka fito da AlmaLinux da Rocky Linux domin su maye gurbin, kuma Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS, shi ne ya jagoranci ta biyun. A watan Disamba, 2022, manyan cibiyoyin binciken kimiyya na CERN da ke Turai da Fermilab da ke Amurka suka bayyana cewa AlmaLinux suka zaɓa. Sai dai ƙaurar da rumbun bayanai ba ƙaramin aiki ba ne. Tilas a kwafe bayanan, a gwada su a sabon wuri, a tsayar da aiki na wani lokaci, sa'an nan a tabbatar ko kwabo bai salwanta a cikin lissafin ba.

Kada a ɗauka cewa wannan matsala ta dangin Linux ce kaɗai. Ita ma Windows Server tana da wa'adi, wanda yawanci shekara goma ne. Na Windows Server 2012 ya cika ran 10 ga watan Oktoba, 2023, wanda kuma yake son ƙarin gyare-gyaren tsaro bayan haka sai ya biya kuɗi na musamman. An tsayar wa Windows Server 2016 watan Janairu, 2027. Red Hat ita ma shekara goma take bayarwa, Ubuntu kuwa biyar kyauta, sai a ƙara wasu ga wanda ya shiga tsarin biya. Bambancin shi ne waɗannan ranaku a rubuce suke tun kafin a saya, mai saye yana iya tsara kasafinsa a kansu.

Haɗarin zama da na'urar da ba a yi wa gyara ba tsohon labari ne. Ran 25 ga watan Janairu, 2003, wata cutar kwamfuta da aka sa wa suna Slammer ta afka wa rumbunan SQL Server, ta kama na'urori wajen 75,000 a cikin minti goma. Harkar intanet ta durƙushe a Koriya ta Kudu, dubban na'urorin cirar kuɗi na Bank of America suka tsaya. Abin takaicin shi ne Microsoft ya fitar da maganin tun watanni shida kafin nan, masu na'urorin ne ba su sa ba. Idan haka ta faru ga waɗanda ke da magani a hannu, ina ga waɗanda aka daina yi wa maganin ɗungurungum?

Saboda haka gardamar da ake yawan yi a kan wace manhaja ce ta fi wata ba ta cika taɓa ainihin matsalar ba. Kasuwar hannun jari ta Landan ta tsaya na kusan awa bakwai a watan Satumba, 2008, lokacin tana kan Windows. Ta koma wani tsari mai aiki a kan Linux a watan Fabrairu, 2011, kuma a cikin wannan wata aka sake samun tsayawar ciniki ta wasu awoyi. Sunan manhaja shi kaɗai ba ya lamunce wa kowa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne rumbun kansa, domin sau da yawa shi ke yanke hukunci. SAP HANA ba ya aiki sai a kan Linux ta SUSE ko Red Hat. Kamfanin Oracle yana amincewa da rumbunsa a kan Windows da Oracle Linux da Red Hat da SUSE, amma Ubuntu ba ta cikin jerin, don haka wanda ya ɗora shi a kanta ba ya da bakin neman taimako in abu ya lalace. SQL Server ya daɗe a kan Windows kaɗai, sai a 2017 aka fitar da shi a kan Linux. PostgreSQL da MySQL kuwa suna aiki a gidajen biyu, ko da yake a kan Linux aka fi amfani da su.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin ranar saye kawai ba. Tun daga Windows Server 2016 ake lissafa lasisi bisa yawan ƙwayoyin da ke cikin masarrafar na'ura, mafi ƙaranci 16 ga kowace uwar garke, ga kuma wani lasisin na masu shiga. Red Hat kuɗin shekara-shekara take karɓa. Tun da yake da dala ake ƙayyade farashin, kamfanonin Nijeriya sun ji a jikinsu sa'ad da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon watan Yuni, 2023, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu, 2024. Wannan zai sa mutane da yawa su karkata ga na kyauta, kuma babu laifi a ciki, muddin sun san cewa nauyin kulawa ya dawo wuyansu.

Wannan ne ya kawo na uku, watau ma'aikata. Ofishin da ma'aikatansa Windows suka ƙware a kai, in aka ɗora masa Debian don gudun biyan lasisi, zai iya kashe abin da ya fi haka wajen ɗauko ɗan kwangila duk ranar da na'ura ta tsaya. Wajibi ne a sami aƙalla mutum biyu da suka iya sa gyare-gyare a kan kari, suka iya ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam, suka kuma taɓa gwada maido da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanai a kan wanda ke riƙe da su, ba za ta karɓi uzurin cewa manhaja ce ta tsufa ba.

Ya kamata duk jami'in da takardar sayen irin wannan na'ura ta zo teburinsa ya nemi a rubuta masa abu uku kafin ya sa hannu: ranar da wa'adin manhajar zai cika, sunan wanda ya ɗauki alkawarin a rubuce, da kuma kuɗin da aka tanada domin ƙaura shekara biyu kafin wannan rana. Ɗalibai masu koyon wannan fanni kuwa, zai fi musu amfani su iya aiki da gidajen biyu, domin a tsawon rayuwar aikinsu za su ga wa'adin manhaja ya cika ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.